Uba a Legas, yara a Kano: yadda nisa ke shafar riƙon yara da ziyara bayan mutuwar aure

Akwai maganar da alƙalan kotunan Shari'a suka saba ji daga bakin mutumin da ya baro Legas ko Fatakwal ko Abuja, ya kwana a mota don ya tsaya gabansu: "Allah ya gafarta Malam, 'ya'yana na zo a ba ni." A zuciyarsa wannan magana ba ta buƙatar hujja. Shi ya yanka musu ragon suna, sunansa suke amsawa a makaranta, kuma tun yana yaro yake jin ana cewa ɗa na uba ne. Sai alƙali ya fara jero tambayoyin da bai shirya musu ba. Shekarun yaran nawa? Uwar ta yi wani aure? Kakarsu ta wajen uwa tana da rai? Yaushe rabonka da aiko kuɗin abinci? Wace mace ce a gidanka can da za ta kula da su? Daga nan lissafinsa ke fara rikicewa.

Tushen rikicin shi ne an cakuɗa abu biyu da Shari'a ta raba. Walicci daban, riƙo daban. Walicci na uba ne, ko aure na nan ko ya mutu: a wuyansa ci da sha da sutura da magani suke, shi ke da ta cewa kan karatun yaro da dukiyarsa, shi zai aurar da 'yarsa. Riƙo kuwa, wanda malamai ke kira hadana, shi ne a hannun wa yaro zai kwana ya tashi, wa zai yi masa wanka, wa zai farka in zazzaɓi ya rufe shi da tsakar dare. Wannan a mazhabar Malikiyya, wadda da ita kotunan Shari'a na Arewacin Najeriya ke yanke hukunci, haƙƙin uwa ne. Kuma ba na ɗan lokaci ba: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare a ɗakinta. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk ɗalibin zaure ya bi ta cikinta, haka kuma yake a Muktasar na Shehu Halil. Shafi'iyya suna ba yaro zaɓi tsakanin iyayensa in ya yi wayo, wajen shekara 7. Malikiyya ta fi kowa tsawaita wa uwa.

Asalin hukuncin sananne ne. Wata mata ta kai kuka wajen Annabi (SAW) cewa mijinta ya sake ta kuma yana son raba ta da ɗanta, ya ce mata ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi aure ba. Abu Dawuda ya ruwaito. A Muwaɗɗa kuma akwai labarin Sayyidina Umar da ɗansa Asim. Ya tarar da yaron yana wasa a Ƙuba, ya ɗauke shi ya ɗora kan abin hawansa, kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, suka yi ta ja-in-ja har gaban Sayyidina Abubakar. Aka ce ya bar mata yaron, Umar bai sake cewa uffan ba.

Al'ada ce ta zo da saɓanin wannan. A gidaje da yawa, da an yaye yaro ko ya isa shiga makaranta sai dangin uba su aiko a ɗauke shi, a kai wa kakarsa ta wajen uba ko a bar shi hannun matar uba. Mata da dama suna miƙawa ba don sun yarda ba, sai don ba su san suna da ja ba, ko don sun san da yara uku a hannu zawarci zai yi tsawo, ko kuma gudun kada a riƙa ce wa ɗansu agola a gidan wani. Da abin ya daɗe, sai aka ɗauka shi ne addinin. Wanda ya taso da wannan fahimta yakan riƙe baki in aka karanta masa jerin masu haƙƙin riƙo. Bayan uwa sai mahaifiyarta, sai kakarta, sai yaya ko ƙanwar uwa, sai innar ita uwar, sannan a tsallako ɓangaren uba a fara da mahaifiyarsa. Shi uban bayan duk waɗannan yake zuwa. Ko layi ya iso kansa ma, sai in yana da macen da za ta kula da yaron a gidansa. Gwauron da ke kwana ɗaki ɗaya da abokan sana'a a Agege ko Idi Araba bai cika wannan sharaɗi ba, komai kuɗin da yake samu.

Ƙofar farko da uban da ke nesa yake ƙwanƙwasawa ita ce auren uwa. Gaskiya ne, in ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, riƙonta ya faɗi. Amma ba a hannun uba yake faɗawa ba, a hannun mahaifiyarta ne, da sharaɗin kakar ba gida ɗaya take zaune da 'yar tata ba. Sannan akwai wani togaciya da nisa ke sa mutane faɗawa cikinsa ba su sani ba. In wanda riƙon zai koma wa ya san uwar ta yi aure, ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, to ya rasa damar karɓa da wannan dalili. Mutumin da layin riƙo ya iso kansa yana Legas, an yi masa waya an ce tsohuwar matarsa ta tare, ya ce bari sai ya zo da sallah. Sallah ta zo kasuwa ta riƙe shi, ya ce sai ta layya. Kafin ya waiwayo shekara ta zagayo, shirun nasa kuma ya zama hujja a kansa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta fi ƙarfi, kuma a nan ne nisa ya shigo cikin littafi da kansa. Malaman Malikiyya sun ce in waliyyin yaro zai yi tafiya ta ƙaura, wato ya tashi da niyyar zama a wani gari, ba fatauci ko ziyara ba, kuma nisan ya kai baridi 6, to yana da ikon tafiya da ɗansa, ko da na goye ne in zai karɓi nonon wata. Sai a ce wa uwar ta bi ɗanta in tana so, in ba haka ba riƙonta ya faɗi. Haka nan in ita ce ta yi irin wannan ƙaura, waliyyi na iya karɓe yaron. Baridi ɗaya farsaki 4 ne, farsaki ɗaya mil 3, jimillar baridi 6 mil 72 ke nan a ma'aunin da, abin da ya kama tsakanin kilomita 120 zuwa 135 gwargwadon yadda aka auna mil ɗin. Kano zuwa Wudil bai kai ba. Kano zuwa Zariya ko Katsina ya wuce. Legas kuwa, mai nisan kusan kilomita 1,000, ba a ma maganarta.

Wanda ya ji wannan sai ya ce ai magana ta ƙare, duk uban da ke nesa ya ci shari'a. Ba haka abin yake ba, don hukuncin ɗaure yake da sharuɗɗa. Mai tafiyar zai rantse cewa ƙaura ce ta gaskiya, ba dabarar raba uwa da ɗanta ba. Garin da za a je ya zama akwai aminci, hanyar ma haka. Wannan sharaɗi na amincin hanya a da kamar cikon magana yake ga mai karatu, amma duk wanda ya san halin da hanyar Abuja zuwa Kaduna ko ta Birnin Gwari ta shiga a shekarun nan ya san ya zama tambaya ta gaske. Sannan a duba bambancin ƙaura da cin rani. Direban tirela da ke lodi daga Apapa, ko mai sayar da albasa da ke yin wata tara a kudu ya dawo gida da damina, wanda gonarsa da gidansa da iyayensa duk suna Arewa, da wuya ya iya rantsewa cewa ya ƙaura. Ma'aikacin da aka canza wa wurin aiki, wanda gobe ana iya sake cilla shi wata jiha, shi ma matsayinsa abin tattaunawa ne.

Akwai kuma yanayin da ya fi yawa a zahiri, wanda ya juya tambayar. An ɗaura aure a Kano, aka kai amarya Legas, can aka haihu, can auren ya mutu, ta tattaro yaranta ta dawo gidan iyayenta. Wa ya yi ƙaura a nan? A zahirin lafazin littafi ita ce ta yi. Hanafiyya sun yi wa irin wannan mata rangwame, sun ce tana iya komawa garinsu da yaron in a can aka ɗaura auren, amma Malikiyya ba su buɗe wannan ƙofa haka ba. Sai dai a yi adalci: ina ake so ta zauna? Macen da aka saka a garin da ba ta da kowa, kuma sau da yawa shi mijin ne ma ya ba ta kuɗin mota ya ce ta tafi gida. Wanda ya sa ta a mota da yaran da hannunsa, ya kuma yi shekara biyu bai ce komai ba, zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa tafiyar ce ta cuce shi.

A ganina, fahimtar wannan hukunci tana ga dalilinsa. An ba uba ikon tafiya da ɗa ne don kada nisa ya yanke tarbiyya da kulawar waliyyi, a zamanin da mil 72 tafiyar kwanaki ce a kan raƙumi, kuma in mutum ya bar gari ana iya shekaru ba a ji ɗuriyarsa ba. Yau Kano zuwa Zariya tafiyar awa biyu ce ko uku, kuɗin makaranta kuma ana turawa ta waya cikin minti ɗaya. Sannan mutumin da ke fita tun asuba ya dawo bayan isha'i saboda cunkoson Legas, in aka ba shi yaro ɗan shekara biyar, ba shi zai yi tarbiyyar ba. An cire yaron ne daga hannun uwarsa an miƙa wa matar ubansa. Wasu matan uban sun riƙe amana fiye da yadda ake zato, wannan gaskiya ne, amma ba wannan musanya hukuncin ya nufa ba. Su kansu malaman mazhabar sun yi saɓani ko riƙo haƙƙin mai riƙo ne ko na yaron, kuma wannan saɓani ya bar wa alƙali filin duba maslahar yaro. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, da ta sabunta dokar iyalinta a 2004 ta ce ƙaurar mai riƙo zuwa wani gari a cikin ƙasar ba ta zubar da riƙo sai in kotu ta ga dalili, auren uwa ma ba ya zubar da shi in yaron bai wuce shekara 7 ba. A nan Najeriya, Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta sa maslahar yaro a gaba da komai, ko da yake sai jiha ta amince da ita take aiki a cikinta, kuma Kano sai a 2023 ta sa hannu kan tata dokar kare yara.

Ba uba kaɗai ke zama na nesa ba. Akwai uwar da ta yi aure a wani gari, ko ta tafi karatu, ko aikatau a Saudiyya, ta bar yara a gidan ubansu da niyyar in ta natsu ta dawo ta karɓa. Ita tata matsalar ta fi tsanani. In ta sarayar da riƙo da kanta ba tare da uzuri irin na rashin lafiya ba, a Malikiyya ba ya dawo mata don ta canza shawara. In aure ne ya zubar da shi, mutuwar wannan auren ba ta dawo da shi kai tsaye. Saboda haka macen da za ta bar yara na ɗan lokaci, gara ta bar su hannun mahaifiyarta, a kuma faɗa gaban shaidu cewa ajiya ce zuwa lokaci kaza. Amma ko riƙo ya kuɓuce mata gaba ɗaya, ganin 'ya'yanta bai kuɓuce ba. Ayar Suratul Baƙara ta 233 ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa, duka a jimla ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi ganin na nesa ya kamata ya zuba ƙarfinsa a kai, wato ziyara. Mutane na raina ta, suna ganin ladan gaɓe ne ga wanda ya faɗi shari'a. Amma wanda ya shiga kotu yana neman a ba shi yara kacokan yakan fito hannu rabbana, ya kuma ƙara wa dangin uwar tsoronsa. Wanda ya shiga yana neman a tsara masa lokacin ganinsu, da wuya a sami alƙalin da zai hana shi.

Sai dai a nan ma akwai giɓi. Littattafan sun ce uba na da ikon duba ɗansa a hannun uwarsa, ya ladabtar da shi, ya tura shi makaranta, amma yaron ya koma ya kwana wajen mai riƙonsa. An rubuta wannan ne ana kallon uban da ke unguwa ɗaya ko gari ɗaya, wanda yaro zai wuni a shagonsa ya koma gida da magariba. Ga wanda ke Fatakwal wannan tsari ba ya aiki. Zuwan yaro hutu ya yi mako uku a wajensa abu ne da ake samu ta hanyar sulhu, ko ta ijtihadin alƙali in an gamsar da shi. Kuma ba a gamsar da shi da "a riƙa ba ni su lokaci-lokaci." Takardar da aka rubuta wa "uba zai riƙa ganin 'ya'yansa a duk lokacin da ya dace" ba ta ɗaure kowa ba, don duk ranar da ya zo ana iya ce masa yau bai dace ba, suna Islamiyya, ko an kai su biki Gwarzo.

Abin da ke aiki shi ne a rubuta dalla-dalla. Shekarar karatu zango uku ce, dogon hutu kuma yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, to a faɗi mako nawa na uba ne a ciki, daga wace rana zuwa wace rana. Sallah biyu ce a shekara, a raba ko a riƙa karɓa-karɓa. A rubuta wa zai zo ɗaukar yaran, don ba a ɗora ɗan shekara takwas a motar dare a ce wa kwandasta ya kula da shi. A rubuta wa zai biya kuɗin mota, wanda bisa adalci mai neman ziyarar ne. A rubuta inda za a yi miƙon, gidan kaka ko gidan mai unguwa, ba ƙofar gidan sabon miji ba. In uba ya shigo gari ba zato, kwana nawa zai ba da sanarwa kafin ya zo. Shekaru ma a duba su. Yaron da aka rabu yana goye, yanzu yana da shekara huɗu, bai san wannan mutumin ba. In aka ɗauke shi rana ɗaya aka yi tafiyar awa ashirin da shi, kuka zai yi ta yi har a gaji a dawo da shi, kuma wannan kukan za a kafa hujja da shi a gaba. Gara a fara da wuni a gidan kakarsa ta wajen uba a cikin gari, sannan kwana ɗaya, sannan a yi maganar tafiya.

Waya ma tana da nata rikicin da masu ba da shawara daga nesa ba sa gani. Ana cewa ai akwai WhatsApp, a riƙa kiran bidiyo. Wayar wa? Yaro ɗan firamare ba shi da waya, ta uwarsa ce. In tana gidan wani mijin, tsohon miji ya riƙa kiran wayarta da daddare fitina ce tsagwaronta, kuma ita za ta kwana a ciki. Sai ta daina ɗauka, shi kuma ya ce an hana shi 'ya'yansa. Maganin mai sauƙi ne in an yi tunaninsa tun farko: a tsayar da rana da lokaci, misali Juma'a bayan la'asar sa'ad da yaran ke gidan kakarsu, a kira ta wayar kaka ko ta kawunsu. "Hajiya, barka da yamma, a ba ni mutanen nawa mu gaisa." Ba wanda ransa zai ɓaci da wannan.

Sai maganar kuɗi, wadda ko ba a tayar da ita ba ita za ta tayar da kanta. A hukunci ciyarwa daban, ziyara daban. Uwa ba ta da ikon cewa ba za ka gan su ba sai ka biya, uba ma ba shi da ikon cewa ba zan aiko ba sai an kawo min su. Amma a zauren kotu tarihin aikenka shi ne shaidar halinka. Na kusa yana da maƙwabta da za su ce suna ganinsa yana shigowa da cefane. Na nesa ba shi da kowa sai takarda. Wanda ke ba direba kuɗi a tasha ya ce a kai wa Hajiya, ranar da aka musa ba shi da abin nunawa, kuma ƙa'ida ita ce hujja kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Gara a tura ta banki a rubuta dalili, a biya kuɗin makaranta kai tsaye a asusun makarantar a adana rasit, a san sunan malamin ajin yaron, a nemi a riƙa turo sakamakon jarrabawa. Uban da alƙali ya tambaya aji nawa 'yarsa take ya tsaya kame-kame ya riga ya yi wa kansa illa. Duk da haka zumunta a ƙafa take, alat ɗin banki ba ya maye gurbin zuwa.

Game da inda za a kai ƙara, a bisa al'adar kotuna ana bin wanda ake ƙara ne zuwa inda yake zaune, wato na nesa shi zai yi tattaki. Yana iya naɗa wakili ko ya ɗauki lauya, amma a shari'ar da ake auna kusancin mutum da 'ya'yansa, rashin ganin fuskarsa ba ya yi masa kyau. Ɗage zama kuma ba ya la'akari da cewa daga Legas ka taso. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumin sauraron irin waɗannan batutuwa na aure da kula da yara, daga nan ana iya wucewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya har Kotun Ƙoli. Hanya ce ta shekaru, yaron kuma ba ya tsayawa jiran hukunci, girma yake yi. Shi ya sa zaman sulhu, ko a gaban dattawan gida biyu ko a ofishin Hisba, ya fi sauri da araha, amma in an cim ma matsaya a kai ta gaban alƙali ya mayar da ita hukunci, don takardar sulhu kaɗai ba ta da haƙori. Waɗanda suka yi auren rajista kuwa, kamar Hausawa Kirista da dama, tasu shari'ar a Babbar Kotu take ƙarƙashin dokar al'amuran aure ta 1970, wadda sashenta na 71 ya ce maslahar yaran ce kan gaba. A can babu jerin kakanni, babu baridi 6.

Akwai kuma dalilin da ke sa uwaye ƙin sakin yara hutu, wanda ya kamata uba ya fahimta maimakon ya ɗauka ƙiyayya ce kawai. Sun ga an yi wa wasu. An karɓi yara da sunan hutun sallah, aka sa su a makaranta a can, aka canza lambar waya. Jihar Legas ba ta da kotun Shari'a ta gwamnati, akwai dai kwamitin Shari'a mai zaman kansa da ba shi da ikon tilastawa, sai kuma kotun iyali da ke aiki da dokar yara ta jihar ta 2007. Macen da ke riƙe da hukuncin wata kotu a Kano, kafin ta sa a aiwatar da shi a can sai ta kashe abin da ba ta da shi. Wanda ke neman a yarda da shi sai ya kawar da wannan tsoro da kansa: ya kawo yayansa ko baffansa mazaunin garin ya tsaya masa gaban alƙali cewa ranar kaza yara za su dawo. In kuma suka dawo a kan rana sau biyu, sau uku, neman ƙarin kwanaki ba zai yi wuya ba. Masu zuwa da 'yan sanda ƙofar gidan surukai kuwa, su sani riƙon yaro ba hurumin caji ofis ba ne, abin da kawai suke samu shi ne yaran su gan su a wannan siffa.

In iyaka ta shiga tsakani, abin ya ƙara nauyi. Akwai yarjejeniyar Hague ta 1980 da ke sa ƙasashe mayar da yaron da ɗaya daga cikin iyaye ya tsallaka da shi ba izini, amma Najeriya ba ta cikinta, Saudiyya ma haka. Yaron da aka fita da shi, dawo da shi sai ta kotun ƙasar da aka kai shi. Ko makwabciyarmu Nijar, inda auratayya tsakanin Katsina da Maraɗi ko Daura da Damagaram abu ne na yau da kullum, tsarin kotunanta daban ne, al'ada ke da rinjaye a shari'ar iyali, kuma hukuncin wannan gefe ba ya aiki a wancan kai tsaye. Don haka duk sulhun da ya shafi uba ko uwa da ke waje, a rubuta a hannun wa fasfon yaro zai zauna, da cewa ba a fita da shi sai da izinin ɗayan a rubuce. Sau da yawa abin da ya fi yiwuwa shi ne na wajen ya riƙa zuwa, a ware masa kwanaki a jere duk lokacin da ya shigo ƙasa, ko da ya faɗo tsakiyar zangon karatu.

Tsarin da aka rubuta wa ɗan shekara biyar ba zai dace da ɗan sha uku ba, don haka a sa a cikin takardar cewa za a sake zama bayan shekara biyu ko in yaro ya shiga sakandare. Namiji da ya balaga riƙo ya ƙare a kansa, inda ya ga dama zai zauna, ba a buƙatar sammaci. Mace kuwa tana hannun uwarta ko kakarta har ranar da manema za su fito, ranar kuma dole a nemo uban duk inda yake, don shi ne waliyyi, kuma dangin mijin wajen danginsa za su kai gaisuwa.